Ranar da Na Yanke wa Kajin Hajiya Hukunci da Ido

A gidanmu na Rigacikun, da zarar hunturu ya kama, Inna takan ƙirga kajinta da sassafe tun kafin ta hura wuta. Ta san abin da ke tafe. Za ka ga kaza ta raɓe a gindin katanga ta saki fukafukai kamar an yafa mata mayafi, kashinta ya koma tsanwa, wata kuma wuyanta ya murɗe tana kallon sama. Inna ta daka barkono, ta jiƙa ɓawon maɗaci, ta aike ni kemis in sayo kafso mai ja da rawaya a fasa musu a ruwan sha. Cikin kaji ashirin, in an yi sa'a biyar su ga bazara. Wadda ta fara layi sai a yi maza a sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. Sunan ciwon a wurinmu ɗaya ne, annoba, kuma ban taɓa jin wani ya tambaya ko annobar bana ita ce ta bara ba.

Da na gama sakandare ban samu ci gaba ba, sai wani maƙwabcinmu ya kai ni wata gonar kaji a kan hanyar Zariya. Aikina ɗibar ƙwai, zuba abinci da kwashe taki. Ina nan a farkon 2006 labari ya fara yawo cewa kaji na zubewa dubbai a wata babbar gona a Jaji, nan kusa da mu cikin ƙaramar hukumar Igabi. Duk direban da ya kawo mana abincin kaji da irin nasa bayanin. Wani ya ce Niyukasul ce, wani ya ce kwalarar kaji, wani ya rantse guba aka zuba musu. An yi makonni a haka. Sai da aka kai samfur cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, daga can aka tura shi birnin Padova a Italiya, sannan ranar 8 ga Fabrairu aka sanar cewa murar tsuntsaye ce, nau'in H5N1, karo na farko da aka tabbatar da ita a nahiyar Afirka.

Gonarmu ba ta kamu ba, amma jama'a suka ƙaurace wa ƙwai da naman kaza. Kiret-kiret suka taru a sito har suka fara wari. Gwamnati ta sa diyyar naira 250 a kan kowace kaza da aka kashe, mu kuwa da ba a kashe namu ba, mai gona ya karyar da su ya sallame mu. Rashin aikin ya dame ni, amma akwai abin da ya fi shi tsaya mini a rai. Mutanen da suka yi furfura a harkar kaji sun kalli gawa ɗaya sun kasa haɗuwa a kan suna ɗaya, wasu kuma can a wani ɗaki, waɗanda ko ƙofar gonar ba su taɓa gani ba, suka faɗi sunan ciwon har da lambarsa. Na ƙudura a raina sai na ga abin da suke gani.

Inna ta sayar da akuyoyinta biyu, yayana ya cika, na shiga difloma ta lafiyar dabbobi a kwalejin Mando. Lokacin koyon aiki Allah ya sa aka tura ni Vom, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke gaban Bukuru, wadda ke nan tun 1924. Sanyin garin ya ba ni wuya, amma ban taɓa jin daɗin wata shida a rayuwata kamar waɗannan ba.

Wanda aka haɗa mu da shi wani dattijon ma'aikaci ne, kowa Oga yake ce masa. Ranar farko bai ba mu komai ba sai ƙwai da tocila. Ya kashe fitilar ɗaki, ya ɗora ƙwan a bakin haske ya ce, “Ɗana, me ka gani?” Na ga jijiyoyin jini sun bazu ja wur kamar saiwar gero, a tsakiya kuma wani ɗan duhu yana motsi. Ƙwai ne mai ɗan tayi, kwana goma a injin ƙyanƙyasa. Ya ce ƙwayar bairos ba ta hayayyafa sai a cikin abu mai rai, shi ya sa ba a shuka ta a faranti kamar bakteriya, shi ya sa kuma duk kafson da ke kemis ba ya taɓa ta. Nan take na tuna Inna da kafsonta, na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro.

Sai ya nuna mana yadda ake yi. Ana zaɓar ƙwai mai kwana tara zuwa sha ɗaya. A zana da fensir inda sararin iska ya tsaya a ɓangaren da ya fi faɗi, a goge wurin da sifirit, a huda ɗan rami, a zura allura a zuba ɗigon ruwan samfur, wanda bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na mililita ba, cikin ruwan da ke kewaye da ɗan tayin. A toshe ramin da kakin kyandir, a mai da ƙwan injin a zafin digiri 37. Kullum da safe a haska shi. Ranar da ka ga jijiyoyin sun dushe, motsi ya tsaya, to wani abu ya kashe shi. Mu ɗalibai da ƙwayar rigakafin Niyukasul mai suna Lasota muka koya, don ba ta da haɗari. Samfurin da ake zargin murar tsuntsaye ne yana da ɗakinsa daban, ko leƙe ba a bari mu yi.

Mutuwar ɗan tayi ba ta faɗin sunan wanda ya kashe shi. Sai an sanyaya ƙwan a firij, an fasa samansa, an zuƙo ruwan nan garai-garai, sannan a zo kan farantin roba mai ramuka 96. Wannan faranti shi ne abin da na fi ƙauna a duk aikin. A ramin farko ka zuba ruwan ƙwan, ka ɗebi rabi ka kai na biyu ka sirka, daga na biyu zuwa na uku, haka har ƙarshen layi, kowane rami ƙarfinsa rabin na bayansa. Sannan ka bi su duka da jajayen ƙwayoyin jinin kaza da aka wanke aka tsinka zuwa kashi ɗaya cikin ɗari. Ka ajiye, ka jira kamar rabin awa zuwa minti arba'in. Inda babu bairos, jinin zai kwanta a gindin rami ya dunƙule kamar maɓallin riga, in ka karkata farantin ya zubo siriri kamar hawaye. Inda bairos yake kuwa, sai ya riƙe ƙwayoyin jinin ya sarƙe su da juna, ramin ya yi ja bai ɗaya, ba maɓalli ba hawaye. Wannan shi ne gwajin HA.

Ranar da na fara ganin nawa farantin ya fito, na yi murna na ce, “Oga, ga Niyukasul!” Ya girgiza kai. Ya ce, “Don ka san abin da ka zuba ne. Da daga gona aka kawo, da ba ka isa ka faɗi haka ba. Murar tsuntsaye ma haka take sarƙe jini.” Don a raba su sai an yi gwaji na biyu, na HI. A kawo ruwan jinin da aka san yana ɗauke da sojojin garkuwa na Niyukasul kaɗai, a fara haɗa shi da bairos ɗin kafin a zuba jini. In sojojin sun kama shi, ya kasa sarƙe komai, hawayen nan ya dawo, to Niyukasul ce. In ya yi biris da su, to wani baƙo ne, a nemi sunansa a gaba. Oga ya dafa kafaɗata ya ce, “Kama da wane ba ta wane.” Na rubuta maganar a bangon littafina. Rubutawar kawai na yi.

Da na dawo Kaduna na kama aikin kaina. Babur, kula, sirinji da rambut. Ina yi wa ƙananan gonaki rigakafi daga Kawo zuwa Rigasa har Mararrabar Jos, ina yanke bakin kaji, ina buɗe gawa in faɗi ciwo. Sau da yawa ina dacewa. Gumboro ba ta ɓuya sosai: ’yan tsaki masu mako uku zuwa shida, farin zawo, ɗigon jini a naman cinya, ga ’yar jakar nan ta saman dubura ta kumbura. Mutane suka fara ce mini Likita, alhali ni ba likita ba ne, kuma ban hana su ba. A hankali na daina ambaton ɗakin gwaji. Manomi ba ya son jin kuɗin mota da jiran kwanaki, yana son a ba shi suna da magani yanzu-yanzu, ni kuma na saba ba shi abin da yake so.

A farkon 2015 aka sake jin murar tsuntsaye a Kano da Legas. Na ji a rediyo kamar kowa. A cikin makonnin nan ne wata Hajiya da nake yi wa aiki a bayan Mando ta kira ni da asuba. Mijinta ya rasu, da kaji ɗari takwas masu ƙwai take riƙe da marayu biyar. Ta ce, “Likita, ka zo, na tashi na tarar da goma sha bakwai a ƙasa.”

Na je na tarar da ɗakin shiru. Duk wanda ya san kaji masu ƙwai ya san ba sa shiru da safe. Na ɗauki gawa uku na buɗe a nan tsakar gida a kan buhu, hannu ba safa. A ƙaramin tumbin da ke gaban ƙundu na ga ɗige-ɗigen jini, maƙogwaro ya yi ja. Na miƙe na ce, “Hajiya, Niyukasul ce.” Ta ce, “Ɗana, ba kai ka yi musu rigakafinta wata biyu da suka wuce ba?” Na ce wataƙila maganin ya sha zafi a hanya, ko wutar firij ta yanke a shago. Na sa aka sayo Lasota da bitamin, na haɗa musu a ruwa, na karɓi kuɗin aikina.

Yau in na rufe ido ina ganin abin da na ƙi gani a ranar. Zankon kajin ya yi shuɗi. Kawunansu sun kumbura. A ƙaurin ƙafafunsu, ƙarƙashin ɓawon fata, jini ya kwanta ja-ja kamar an murje su da dutse. Ga kaji masu cikakken rigakafi suna faɗuwa dare ɗaya ba tare da sun yi jinya ba. Ga labarin Kano a kunnena. Duk an koya mini wannan. Ɗigon jinin tumbi da na kafa hujja da shi ana ganinsa a cututtukan biyu. Amma na riga na buɗe baki a gaban mutane, kuma sunan da na faɗa shi ne mai sauƙi a gare ni da ita.

Daga gidan Hajiya ban koma gida na yi wanka ba. Na hau babur da rambut ɗin da na taka takinta, na wuce gidan wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda ya zuba kuɗin sallamarsa a kaji ɗari uku. Na shiga ɗakin kajinsa na duba musu mazubin ruwa, muka sha shayi, na tafi.

Kwana na biyu Hajiya ta rasa sittin. Na uku sun haura ɗari da hamsin. A daren nan ban runtsa ba. Da gari ya waye na kira wani likitan dabbobi na gwamnatin jiha da na sani, na ce, “Dokta, ranka ya daɗe, na yi kuskure, ina roƙon ka zo.” Bai yi mini faɗa a waya ba. Ya zo da farar riga mai rufe jiki duka, takunkumi da safar hannu biyu. Ya hana kowa shiga da fita. Ya ɗauko tsinke mai auduga ya zura a maƙogwaron kaza, wani kuma a dubura, ya karya kowanne cikin ’yar kwalba mai ruwan adana bairos. Ya gwada ɗaya a kan ɗan katin gwajin gaggawa, irin mai kama da na gwajin maleriya. Kafin kwata ɗaya layi biyu suka fito. Ya ce wannan kati yana nuna hanya ne kawai, ko da layi ɗaya ya bayar ba zai sallami gonar ba, tabbaci sai Vom.

Ni ya ba wa aikin haɗa kular, ina jin don in koyi abin da na yi watsi da shi ne. Kwalabe cikin leda mai ɗaure, ledar cikin gwangwani mai murfi da auduga, gwangwanin cikin kula a tsakiyar ƙanƙara, takardar bayani a leda daban. Sababbin gawa biyu, waɗanda ba su yi awa biyu da mutuwa ba, su ma aka naɗe su ninki uku. Bairos abu ne mai saurin lalacewa a zafi. Samfurin da ya kwana a but ɗin mota ba ƙanƙara zai iya isa can a ce ba a ga komai ba, alhali cutar na nan tana cin kaji. Aka bi da kular ta Pambeguwa da Saminaka, ta isa kafin la'asar.

A wannan karon ba a jira ƙwai ba. Gwajin PCR aka yi, wanda ba ya bukatar bairos ya girma, rubutun halittarsa yake nema kai tsaye. Ana tatso wannan rubutu daga samfur, a sa a inji mai zafafawa da sanyayawa, kowane zagaye ya ninka abin da ya samu sau biyu. Zagaye talatin sun isa su mai da ƙwaya ɗaya ta haura biliyan. A fuskar kwamfuta sai ka ga layi yana tafiya a kwance, can ya ɗaga sama, kuma gwargwadon saurin ɗagawarsa gwargwadon yawan bairos ɗin. Da farko a nemi alamar da duk dangin murar ke da ita, in an samu a nemi ta H5. Aikin da ya ɗauki makonni da tafiya har Italiya a 2006, yanzu aikin awoyi ne. Na Hajiya ya fito H5.

Jami'ai suka zo suka kashe sauran kajin, aka haƙa rami aka binne su da abincinsu da ƙwansu, aka yi feshi. Diyya kuwa a kan kajin da aka samu da rai aka kashe ake lissafa ta, ba waɗanda suka riga suka mutu ba. Kwanaki ukun da na ɓata mata da Lasota, kowace kaza da ta faɗi a cikinsu daga bakin marayun nan na cire ta. Akwai kuma abin da ya fi wannan ban tsoro. Ƙaramar ’yarta ce ta kwashe buhun da na yi fiɗa a kai. Na san cewa a 2007 wannan cuta ta kashe wata matashiya a Legas. Kwana goma ina zuwa ƙofar gidan ina tambaya ko akwai mai zazzaɓi. Allah ya tsare, babu wanda ya kamu.

Kwana huɗu bayan shan shayinmu, kajin Baba, dattijon nan, suka fara zubewa. Cutar tana da hanyoyi da yawa, kiret ɗin masu sarin ƙwai, tayar mota, tsuntsayen daji. Amma ni na san inda ƙafata ta fito da inda ta shiga. Na faɗa wa Dokta tun ranar da ya zo gidan Hajiya, shi ya sa aka sa ido a gidan Baba, aka ɗauki samfur a rana ta farko.

Zuwa wurin su biyun ya fi mini komai nauyi. Hajiya ta saurare ni har na gama, ta ce, “Na tambaye ka fa, ɗana. Na ce ba kai ka yi musu rigakafi ba?” Ba ta ƙara komai ba. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma ba ta sake kiwon kaji ba, ta koma sayar da atamfa, kuma ba ta sake kirana Likita ba. Baba kuwa na durƙusa a gabansa na ce, “Baba, da takalmina na shigo maka da ita.” Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, “Da ka yi shiru, wa zai sani?” Na ce Allah ya sani. Ya ce, “To tashi. Abin da ya wuce ya wuce, amma kada ka kuma.”

Na yi asarar abokan hulɗa da yawa bayan nan, ba don labarin ya bazu ba, sai don na canza. Yanzu in aka kira ni kaji na mutuwa da yawa dare ɗaya, ba na buɗe gawa a tsakar gida, kuma ba na faɗin suna. Ina cewa ina zargin kaza ko kaza, a rufe ƙofa, a kira likita, a ɗauki samfur. Wasu su ce na cika tsoro, su nemi wani mai saurin baki. Waɗanda suka tsaya da ni kuwa na koya musu cewa gwaji ba na ranar mutuwa kaɗai ba ne. Mako biyu zuwa uku bayan rigakafin Niyukasul ina ɗibar jini daga jijiyar fiffiken kaji kamar ashirin, in jingine sirinjin har ruwan jinin ya rabu, in kai asibitin koyarwa na dabbobi da ke Samaru ko Vom. Farantin HI ɗin nan dai shi zai nuna ko rigakafin ya kama ko ruwa kawai suka sha. Da ina da irin wannan takarda ta kajin Hajiya, da ban samu bakin ɗora laifi a kan firij ba. Ga ’yan tsaki kuma, gwajin Elisa yana auna garkuwar Gumboro da suka gado daga uwa, don in ka yi rigakafi tana da ƙarfi sai ta kashe maganin, in ka makara kuma cutar ta riga ka. Kajin Inna ma yanzu kafin hunturu nake ɗiga musu rigakafin Niyukasul na I-2 a ido, wanda ya fi sauran jure zafi. Har yanzu tana jiƙa maɗacinta, ban hana ta ba, kafso kawai na roƙe ta ta bari.

Shekara biyu bayan abin, wata safiya wayata ta yi ƙara, na ga lambar Baba. Ya ce ’ya’yansa sun haɗa masa kuɗi ya sayo ’yan tsaki ɗari biyu, yana so in zo in ɗebi jininsu kafin a sa ranar Gumboro. Na ce, “Baba, ni?” Ya ce, “Kai fa. Ka taho da kularka.”

Da na isa na tarar ya gina ’yar kwatarniyar siminti a bakin ƙofar ɗakin kajin, cike da ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ga rambut sabo fil a jingine da bango. Ya nuna mini shi da sandarsa ya ce nasa ne na gida, ba ya fita ko'ina. Na cire nawa na bar shi a kan babur, na sa nasa, na tsoma ƙafafuna biyu na shiga.